Karkataccen Wata a Rigar Lawali

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da Ya sanar da hannu abin da zai ci abinci da shi, kuma tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, dalilin rubutun nan shi ne wani hoto da ke manne a bangon shagona a Anka. Hoton wani mutum ne sanye da koriyar rigar masu horar da 'yan ƙwallo, da farin jinjirin wata a ƙirjinsa. Watan a karkace yake, ya kwanta da bayansa kamar jirgin fito. Samarin da ke zuwa karɓar rigunan ƙungiyoyinsu sukan tsaya gabansa suna ƙunshe dariya. Kwanan baya ɗayansu ya gaya mini, cikin ladabi dai, cewa yanzu akwai injin da ake ɗora tambari a danna ya fito daidai, kuma kowa zai iya koyonsa tsakanin azahar da la'asar. Ban musa masa ba. Amma na ga ya dace in ajiye musu labarin wannan sana'a tun da sauran gani a idona.

Sunana Umaru. A Anka aka haife ni, a Gummi na yi karatu. Malamin da nake ɗaukar fiƙihu a zaurensa shi ne ya kama hannuna ya kai ni wurin wani tela mai suna Malam Almu, domin ba ya son ɗalibinsa ya mai da ilimi abin neman tuwo. Aikin farko da aka ba ni a shagon shi ne hura gawayin dutsen guga. Na daɗe a kansa kafin a bar ni in taɓa almakashi, na kuma daɗe a kan almakashi kafin a bar ni in ɗora ƙafa a kan keke. Da safe ina gaban littafi, da hantsi ina fasa ramin maɓalli da allura har yatsuna suka yi kanta.

Wata babbar riga da aka kawo a shekarata ta uku ita ce ta koya mini abin da ya fi ɗinki. Mai rigar an yi masa alkawarin wata sarauta, ya zo a ɓoye yana son a gama masa kafin ranar naɗi. Malam Almu ya yanka, ya haɗa, amma da ya zo kan aikin ƙirjin, wanda masu aikin hannu suka yi a ƙyalle dabam, sai ya ɗauko farin zare ya riƙe shi da ɗinki mai nisa-nisa, irin wanda ja ɗaya ke warware shi. Na tambaye shi dalili. Ya ce tela yakan san ango kafin dangin amarya su gama shawara, yakan san mai sarauta kafin maroƙi ya buɗe baki, kuma wannan sanin amana ne. Duk abin da mai hakki bai riga ya yarda da shi ba, ba a kafe shi da keke. Sarautar nan kuwa ta tafi wani gida. Malam Almu ya ja zaren, ya yi wa rigar aiki sassauƙa, mutumin ya je Idi da ita ba wanda ya san abin da aka nufe ta da shi. Tun daga ranar ban taɓa rabuwa da ƙullin farin zare ba.

Rigunan 'yan ƙwallo na farko da na taɓa, wani ɗan kasuwar hatsi ne ya kawo su, Alhaji Attahiru, wanda ya kafa ƙungiyar Giwar Gulbi a Gummi domin ya raba samarin unguwarsu da zaman banza. Ya zo da shuɗin yadi ya ce yana son lamba a bayan kowace riga. Malam Almu ya dube ni ya ce wanda ya saba da alƙalami a kan allo ba zai kasa zana lamba ba. Na zana su a takardar buhun siminti, na yanke, na ɗora a kan farin ƙyalle na bi da alli. A nan na gane takwas ta fi kowace lamba wuya, domin in cikinta na sama ya kai na ƙasa girma, daga nesa sai ta yi kamar za ta faɗi. Na gane yadin roba yakan miƙe a ƙarƙashin allura, sai an shimfiɗa masa takarda kafin keke ya daina cin sa. Na gane jan yadi sai an jiƙa shi da gishiri an gwada, in ba haka ba gumin wasa ɗaya zai mai da farar lamba ruwan hoda. Kuma da yake a makaranta mukan jingine allo fuskarsa na duban bango saboda girmama rubutu, sai na saba rataye rigar da ke da suna haka, sunan na duban bango.

Wasu abokan karatuna sun yi mini magana a kan wannan aiki, wai ɗinka kayan ƙwallo bai dace da ɗalibin ilimi ba. Amsata ita ce wando. Duk wandon ƙwallon da ya fita daga hannuna sai ya rufe gwiwa. 'Yan wasa sun yi ta gunaguni cewa ina ɗinka musu buje, wani mai tsaron baya ma ya rantse wandon ne ya hana shi kamo wanda ya ci su. Na ce masa ya ƙara gudu, ni ba zan rage yadi ba.

Wata riga guda ɗaya da Alhaji Attahiru ya kawo a wancan zamani ita ce tushen labarin hoton. Ya shigo shagon da wani saurayi mai suna Lawali, wanda a da shi ne mai tsaron ragar ƙungiyarsa, kafin injin niƙa ya cinye masa hannun hagu daga gwiwar hannu. Saurayin ya ƙi fita cikin mutane saboda hannun rigarsa na reto. Alhaji ya riƙe bakin hannun rigar da kansa, na auna, na yanke, na rufe shi da kalmasa mai laushi yadda ba za ta goge masa tabo ba. Bayan haka Alhaji ya ajiye Lawali a gidansa, ya sa shi riƙe wa mai horarwa usur, ya tura shi kwas, ya yi masa aure, har ya zama shi ne kocin Giwar Gulbi. Baba yake kiransa. Ni kuwa ko da na koma Anka na buɗe shagona, duk rigar da Lawali zai sa daga wurina take fita, domin ni na san tsawon wannan hannun ba tare da awo ba.

A Anka masu kawo aiki suka yawaita. Na Bukkuyum sukan aiko da yadi a bayan babur ranar kasuwa, na Gwashi sukan zo da kansu su zauna a kan benci har a gama, suna gardama a kan wanda zai sa lamba goma. Sannan shekarar wahala ta zo, lokacin da hanyoyi suka ƙi biyuwa, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Filayen wasa suka cika da ciyawa. A shekarar na ɗinka likkafani fiye da riga, kuma wannan ba aikin da ake karɓar lada a hannun mutum ba ne. Ana cikin haka sai wani direba ya sauke mini buhu daga Gummi. Tsofaffin rigunan Giwar Gulbi ne, da saƙon Alhaji Attahiru cewa a gyara su. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar na sami abin gyarawa. A ƙarƙashinsu akwai gero. Haka ya yi ta aiko da rigunan da ba su yage ba har hanya ta buɗe. Allah Ya saka masa da alheri.

A wannan shekarar ce mahaifiyar Lawali ta baro ƙauyensu na wajen Gwashi ta dawo Anka wurin 'ya'yanta mata. Tsufa ya kama ta, ta kuma ce ba za ta sake wata ƙaura ba. Don haka lokacin da ƙungiyar Farin Wata ta nan Anka ta nemi Lawali ya zo ya horar da ita, zuciyarsa ta karkata saboda Inna. Amma a ƙasarmu mutum ba ya barin wanda ya riƙe shi ta hanyar aike ko waya. Sai ya nemi dattijo ya raka shi, ya ɗauki goro, ya durƙusa ya faɗa da bakinsa, ya jira a sallame shi. Wanda ya bari ubangidansa ya ji labarin tafiyarsa a bakin mutane, ya yanke abin da ba ya ƙulluwa. Aka shirya Lawali zai je wurin Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, Farin Wata kuma ta yi sanarwa ranar Asabar.

Shugabannin Farin Wata suka kawo mini aikin sababbin rigunan 'yan wasa, da rigar koci mai dogon hannu, koriya, da sunansa a baya da farin wata a ƙirji. Lawali ya biyo ta shagon kamar mai gaisuwa.

“Kawu, watan nan kada ka kahe shi sai Baba ya yarda.”

“Ko ba ka ce ba,” na ce masa. “Ai ka san maigidana Malam Almu.”

Na gama rigunan ranar Laraba na jera su a igiya. Rigar koci na rataye ta can ƙurya, sunan na duban bango, watan riƙe da farin zare. Aka kira la'asar, na gitta benci a bakin ƙofa kamar kullum na tafi masallaci. A bayana Malam Murtala ya zo, malamin firamare ne, shi ne sakataren Farin Wata, shi ke kula da shafinta na intanet. Ya leƙa ya ga rigunan sun yi masa kyau, ya ɗauki hoto daga bakin ƙofa, ya sa a shafin tare da kalmomin godiya gare ni. Niyyarsa alheri ce. Ya duba ya tabbatar babu sunan da ya fito. Abin da bai duba ba shi ne ƙurya, inda koriyar riga ke rataye da farin wata a ƙirji, hannun dama dogo, na hagu gajere a rufe. Daga Anka zuwa Gummi zuwa Bukkuyum, koci ɗaya ne ke sa irin wannan riga.

Kafin magariba mutane sun zagaye hannun rigar da jan layi suna turawa juna. Murtala ya goge hoton, amma ya riga ya shiga wayoyin da ba shi da iko da su. Ya iso shagon yana haɗa gumi, Lawali na biye da shi.

“Baba Malam, wallahi sunan nid duba,” in ji Murtala. “Sunan kawai nid duba.”

Lawali bai ko dube shi ba. Ya zauna a kan benci ya ce, “Kawu, na kira Baba ya ƙi ɗauka. Na sake kira, waya a kashe. Jama'ar Gummi na rubuta cewa na ci amana.”

Na sauko da rigar na naɗe ta a cikin takarda. Na ce Juma'a ta yi nisa, gobe bayan asuba za mu kama hanya, mu uku, kuma a sayi goron tun yanzu.

Motar haya ta sauke mu a Gummi da hantsi. Muka tarar da Alhaji Attahiru a zaurensa, kan buzu, da carbi a hannu. Ya amsa sallamata, ya tambaye ni hanya da iyali da sana'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Lawali ya durƙusa a gefe ya gaishe shi, Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Aka ajiye goro a gabansa, bai dube shi ba.

“Malam Umaru,” ya ce, “jikana yak kawo min waya jiya, wai ko na san mai rigar ga. Ni za a tambaya? Ni nir riƙe hannun rigar hwarko kana yanka. In yaron ga tahiya zai yi, da bakinai nis so in ji. Sai ga shi masu sai da rake sun riga ni sani.”

“Baba, Juma'a munka shirya zuwa,” in ji Lawali, kansa a ƙasa.

“Juma'a kunka shirya zuwa ku gaya min abin da kunka riga kunka ɗinke.”

Na ce, “Alhaji, ban zo kare kowa ba. Na ci geronka a shekarar da babu, ba zan zauna a zaurenka in gyara ƙarya ba. Abin da ke hannuna kawai zan nuna maka.”

Na warware rigar na shimfiɗa ta a gabansa. Na nuna masa farin zaren da ke zagaye da watan, na gaya masa abin da Lawali ya roƙe ni ranar da aka kawo aikin. Alhaji ma ya san Malam Almu, ya san ma'anar wannan zaren. Na kamo bakin zaren na sa masa a tsakanin yatsunsa.

“Ba a ɗinke komai ba. In ka ja, magana ta ƙare, rigar ta zama rigar sanyi.”

Ya daɗe yana duban zaren. Sannan ya ja. Zaren ya zare gaba ɗaya, farin watan ya zame ya faɗi a kan tabarma. Murtala ya sunkuyar da kai. Ni ma na ɗauka an gama.

“Shi ke nan, Baba,” in ji Lawali. “Na zauna.”

“Inna hwa?”

“Allah na nan. Zan riƙa zuwa dubo ta.”

“A wagga hanya? Kullum?” Alhaji ya ajiye carbin. “Ashe har yanzu ba ka da wayo. Tun da tsohuwar nan tad dawo Anka nike jiran ka zo ka ce min za ka bi ta, kana ta kewaye-kewaye kamar ɗan wasan da ke tsoron bugun hwanareti. Uwa ta hi ƙwallo, ta kuma hi ni.”

Ya miƙa hannu ya ɗauki watan daga tabarma, ya kaɗe shi, ya ɗora shi a ƙirjin rigar. Idonsa ya yi rauni a lokacin, sai watan ya kwanta da bayansa. Hannuna ya tafi da kansa zai daidaita shi. Ya buge mini yatsu.

“Bar shi inda nis sa shi, Tela. Wancan ku kunka sa, wanga ni nis sa. Ɗinke.”

Allura da koren zare ba sa barin aljihuna. Na zauna a zauren na kafe watan da hannu, ɗinki ƙanana masu ƙarfi, a karkace yadda ya ajiye shi. Ina ɗinki ya kwance goron, ya fasa ɗaya, ya miƙa wa Lawali rabi. Da na gama ya sa aka ɗaga shi tsaye, ya sanya wa Lawali rigar da kansa, ya gyara masa gajeren hannun kamar yadda ya yi a shagon Malam Almu. Ya yi masa addu'a, muka shafa. Sannan ya juya ga Murtala.

“Kai ne mai hoton?”

“Ni ne, Alhaji. A gafarce ni.”

“Kuma kai ka koya ma yara karatu? Allah Ya kiyaye su. To, ɗauka yanzu da kyau, tunda hannunka na ƙaiƙayi. Amma ba kai za ka sa ba. Ka tura ma yaranmu. Giwar Gulbi ce za ta hwaɗa ma duniya ta ba Anka aron ɗanta.”

Haka aka yi. Sanarwar ɗaukar kocin Farin Wata a shafin Giwar Gulbi ta fito, kafin azahar, da hoton da ke bangona yau. Waɗanda suka rubuta cin amana jiya su ne suka fara rubuta fatan alheri. Mutanen Gummi suka ce ai ba wata ba ne, jirgin fitonsu ne Alhaji ya ɗora masa don ya san hanyar dawowa. Magoya bayan Farin Wata sun zo mini ba sau ɗaya ba suna roƙon in gyara tambarin, na ce su tambayi mai rigar. Lawali ya ce duk wanda ya taɓa shi ya nemi wani koci. Ya yi jinyar Inna a ɗakinta har Allah Ya karɓi abinSa, kuma duk ranar da ƙungiyoyin biyu za su haɗu, sai ya fara zuwa zauren Alhaji ya gaishe shi, Alhaji ya yi masa addu'ar Allah Ya tsare shi, Ya kuma ba shi haƙurin rashin nasara.

Na gode wa Allah da Ya ciyar da ni da iyalina ta ramin allura, Ya haɗa ni da malamin da ya kai ni shago, da maigidan da ya koya mini jira, da masu kawo aiki irin Alhaji Attahiru. Na gode har da Murtala, wanda yanzu ba ya ɗaukar hoto a shagona sai ya leƙa kowace ƙurya, har ƙarƙashin keke.

Saurayin nan mai maganar inji ya dawo makon jiya, ya ce ya sayi nasa, zai buɗe shago kusa da tasha. Na yi murna, na sa masa albarka, domin aikin injin yana da tsabta kuma yana da sauri. Na tambaye shi abu ɗaya: in an danna tambari, yana ciruwa?

“A'a, Baba. In ya kama ya kama ke nan.”

Na jawo akwatin kekena na ɗauko ƙullin farin zare da allura guda, na sa masa a hannu. Ya juya su yana dubawa, ya ce me zai yi da su. Na matsa masa benci, na nuna masa hoton, na ce ya zauna.